Yadda Za Ka Saba da Babur Mai Silinda Biyu Kafin Ka Buɗe Masa Wuta

Shekara bakwai na yi ina hawan babur mai silinda huɗu kafin na sayi mai silinda biyu, kuma ranar da na ɗauko shi gani nake babu abin da zai koya mini. Tsoho ne, injinsa mai siffar V, cc dubu, ba shi da ko ɗaya daga cikin na'urorin zamani da ke rufa wa mahayi asiri in ya yi kuskure. Na tunkari wata kwana da ba ta da wani tsanani, na sassauta, na taka giya daga ta uku zuwa ta biyu, na saki kuloci yadda hannuna ya saba. Sai tayar baya ta yi ƙara, ƙiii, ta kama tsalle a kan kwalta, bayan babur ya shiga kaɗawa hagu da dama. Allah ya kiyaye, ban sha ƙasa ba. Na miƙar da shi, na ci kwanar a buɗe, na gangara gefen hanya na tsaya. Da na zare safar hannu, yatsuna rawa suke yi. Babur bai yi laifin komai ba, ni ne na zo masa da hannun da na saba da shi a wani babur.

Wannan bayani na wanda ya daɗe a kan babur ne, wanda birki da kwana ba baƙinsa ba ne, yanzu kuma ransa ya biya da ɗaya daga cikin waɗannan masu gurnani. Idan bana ka fara hawa, ka yi haƙuri, lokacinka na zuwa. Abin da zan faɗa maka shi ne abin da na so a ce wani ya zaunar da ni ya faɗa mini kafin waccan kwanar.

Abin da ke faruwa a ƙarƙashinka

Fara da fahimtar injin, domin duk halayen babur ɗin daga nan suka fito. Inji mai cc dubu da silinda huɗu, kowace silinda cc 250 take ɗauka. Raba dubun nan gida biyu, kowace ta koma wajen 500. Fistan ya zama ƙato ke nan. Na Ducati 1299 Panigale faɗinsa milimita 116 ne, ya fi tafin hannunka faɗi, kuma irinsa biyu ne ke kaiwa da komowa tsakanin gwiwoyinka.

A duk juyi biyu na karanshaf (sandar da fistan ke juyawa), wato digiri 720, mai silinda huɗu yana buga wuta sau huɗu, tazara daidai wa daida, shi ya sa ƙarfinsa ke zuwa sumul kamar ana jan zare. Mai silinda biyu sau biyu kacal yake bugawa. Idan V ne mai kusurwar digiri 90, tazarar ma ba daidai take ba: bugu, sai digiri 270, bugu, sannan dogon shiru na digiri 450. Wannan ɗingishin ne kunnenka ke ji tun daga nesa, kuma shi ne ke isa tayar baya bugu-bugu. Mahaya da injiniyoyi da yawa na ganin cewa shirun nan yana ba taya damar sake kama ƙasa tsakanin bugu da bugu. Abin da ni na tabbatar da jikina shi ne, a kan irin wannan babur ina jin abin da tayar baya take ciki ta mazaunina da tafin hannun dama, tun kafin ta kai ga sulɓewa. Saboda wannan jin ne tsofaffin hannu ke komawa gare shi bayan sun ɗanɗani masu gudun da ya fi nasa.

Ba son rai kaɗai ba ne. Lokacin da aka fara gasar manyan babura ta duniya mai suna World Superbike a 1988, doka ta yarda mai silinda biyu ya kai cc 1,000, mai huɗu kuwa iyakarsa 750. Ducati, kamfanin da ke Bolonya a Italiya, ya ci moriyar wannan doka ƙwarai. A 1994 ya fito da 916, wanda Massimo Tamburini ya zana, kuma Carl Fogarty na Ingila ya ɗauki kambin duniya sau huɗu a kan Ducati, a 1994, 1995, 1998 da 1999. Abin ya ishi Honda har ta ajiye mai silinda huɗunta ta ƙera nata V ɗin, RC51, Colin Edwards ya ci mata kambi a 2000 da 2002. Na 2002 ɗin sai a tseren ƙarshe a filin Imola da ke Italiya aka raba gardama tsakaninsa da Troy Bayliss na Ducati, dukansu a kan silinda biyu. Aprilia ta zo da RSV Mille a 1998 da injin Rotax mai kusurwar digiri 60, KTM ta Ostiriya ta zo da RC8 a 2008 mai digiri 75.

Yau da yawa daga cikin sababbin ba V ba ne, silindun a jere suke gefe da gefe, amma an karkata karanshaf ɗin digiri 270 don ya riƙa bugawa irin na V. Haka Yamaha R7 mai cc 689 yake, haka Aprilia RS 660. Duk abin da zan faɗa ya shafe su, sai dai nasu halin ya fi laushi.

Game da zaɓi, ra'ayina a fili yake. Idan daga mai cc 600 ka fito, RS 660 da ƙarfin dokinsa wajen 100 zai koya maka komai ba tare da ya tsorata ka ba. Panigale V2 mai cc 955 yana da doki 155, wanda ya fi ƙarfin kowace hanyar jama'a da na taɓa bi. Shi kuwa 1299 mai doki 205, kada ya zama na farkonka ko da kana da kuɗinsa a hannu. Idan tsoho za ka saya, kada fenti ya ɗauke maka hankali, takardun gareji za ka nema, su nuna yaushe aka duba bawul, yaushe aka sauya bel. Mai babur ya ce ya manta, kai ma ka manta da cinikin.

Kafin ka tayar da shi

Rana ta farko ba ta hawa ba ce, ta awo ce. Nemi mutum biyu da tef ɗin awo. Ku ɗaga bayan babur har shakazoba ta miƙe gaba ɗaya, a auna daga ƙarfen tsakiyar taya zuwa wani wuri a saman wutsiya, a manna ɗan salatif a wurin don kada a ɓata. Sannan ka sa duk kayan hawanka, har da hular kwano, ka hau, ƙafafu a kan matakai, ɗaya ya riƙe babur ɗaya ya sake aunawa. Bambancin awon biyu shi ne yadda nauyinka ke danne sifirin. Don hawan titi, tsakanin milimita 25 da 35 ake nema, gaba da baya. Idan ya wuce haka sosai babur zai riƙa zama a baya yana fita waje a kwana, idan bai kai ba zai riƙa tsalle a kan kowane ɗan tudu. Ana gyara shi da zoben da ke matse sifirin. Sauran maɓallan shakazoba ka mayar da su inda littafin babur ya ce, ka bar su har sai ka san abin da kake nema. Wanda ya riƙe babur kafin kai wataƙila ya murɗa su son ransa.

Iskar taya ka auna ta da safe, taya a sanye, da gejinka na kanka. Yawancin irin waɗannan babura na son wajen 2.5 a gaba da 2.9 a baya, a ma'aunin iska na "bar", don titi, amma abin da ke rubuce a littafinka shi ne hukunci. Duba shekarar tayar ma: akwai lamba huɗu a gefenta, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. Taya mai shekara shida ko da zanenta bai ci ba, robar ta bushe.

Sarƙa kuwa a kan wannan babur tana shan wahalar da ba ta sha a mai silinda huɗu, saboda fizga ake yi mata ba ja ba. In ta yi sako-sako, duk lokacin da ka taɓa totur za ka ji ƙau a baya, babur ya zabura. In ta yi tsauri, tana hana shakazoba aiki tana kuma cin boris ɗin giya. Juya tayar ka nemo inda sarƙar ta fi ɗaurewa, a nan za ka auna. Sai ka daidaita hannun birki da na kuloci yadda in ka miƙa yatsu daga zaune, tsintsiyar hannunka ba za ta lanƙwashe ba. Minti biyar ne aikin, amma zai raba ka da ciwon hannu na shekaru.

Batir ma kada ka yi masa rowa. Juya fistan biyu masu wannan girma aiki ne, kuma batir mai rauni yana sa inji ya buga baya ya lalata kayan sitata. In ka ji yana ja da ƙyar, kada ka nace, cire shi ka yi caji.

Cikin gari

A nan ne babur ɗin ya fi rashin daɗi, gara ka sani tun yanzu. Ƙasa da juyin inji 3,000 a minti manyan V ba sa son a takura musu: inji zai yi ta kakkarwa, sarƙa tana fizga, kai kuma kana ta gyaɗa kai. Maganinsa ka zauna a giya ɗaya ƙasa da wadda ka saba, ka riƙe kuloci rabi a duk inda tafiya ta koma ta ƙafa, ka ɗan ɗora ƙafa a birkin baya don babur ya natsu. Kan babur ɗin ba ya juyawa da yawa, saboda haka juyawar komawa baya ka neme ta a wuri mai faɗi, kuma kada ka kuskura ka damƙe birkin gaba alhali kan yana karkace. Inji ya mutu maka a wannan hali, tayar baya tsayawa take yi cak, kafin ka sauke ƙafa babur ya kwanta.

Ga zafi. Silindar baya da bututun salansarta suna dab da cinyarka, in ka tsaya a cunkoso fanka ta tashi, iskar a jikinka take ƙarewa. Wandon fata ko wandon hawa mai kauri ya fi kare ka daga wannan zafin fiye da sirara. Idan ka ji tsohon Ducati yana ƙarar kacau-kacau a tsaye kamar an zuba ƙarafa a gwangwani, busasshen kuloci ne, wanda ba ya cikin baƙin mai, haka aka yi shi.

Saukar da giya, inda yawancinmu muka fara jin jiki

Zan daɗe a nan, domin shi ne bambanci mafi girma. Idan ka rufe totur, manyan fistan nan biyu suna turjewa, su riƙe tayar baya kamar ka taka birki. Wannan birkin inji a mai silinda huɗu ɗan kaɗan ne, a nan kuwa da ƙarfinsa yake. Ka haɗa shi da birkin gaba, wanda ya riga ya kwashe nauyi daga baya ya kai gaba, sai ka ga tayar baya ba ta da nauyin da za ta kama ƙasa da shi. A wannan lokacin ka saki kuloci farat ɗaya a ƙaramar giya, taya ta ga ba za ta iya juya inji da wannan saurin ba, sai ta kulle, ta saki, ta sake kullewa. Tsallen da ya same ni ke nan.

Ga yadda na koya, kuma haka nake koya wa duk wanda ya tambaye ni. Nemi miƙaƙƙiyar hanya wadda ba kowa, ka shiga giya ta huɗu a juyi wajen 5,000. Kada ka taɓa birki tukuna. Rufe totur, ja kuloci da yatsu biyu, a daidai lokacin da ƙafarka ke taka giya ka ɗan buga totur, bugu ɗaya gajere, sannan ka saki kuloci a hankali, ba sakin jifa ba. Idan ka dace, babur ba zai yi gaba ba, ba zai yi baya ba, sautin inji ne kawai zai tashi. Idan kanka ya yi gaba, bugun ya yi kaɗan. Idan babur ya zabura, ya yi yawa. Yi daga ta huɗu zuwa ta uku har sai ka daina tunaninsa, sannan ta uku zuwa ta biyu, wadda ta fi wuya domin tazarar giyoyin ta fi faɗi. Ni sai da na yi mako biyu ina fita da sassafe don wannan kaɗai.

Bayan nan sai ka haɗa da birki. Yatsa manuniya da ta tsakiya suna kan hannun birki, babban yatsa da sauran biyun suna riƙe da totur. Wahalar ita ce buga totur ba tare da yatsun birki sun ƙara matsi ko sun sassauta ba. Da farko za ka ji gaban babur yana nutsewa yana tasowa da kowane bugu. Ci gaba da yi har sai gaban ya zauna wuri guda. Giya ɗaya-ɗaya, kowace ka saki kuloci kafin ka taka ta gaba. Kada ka tattaka uku a jere ka saki sau ɗaya.

Sababbin babura suna zuwa da kuloci mai sulɓi, wanda ke ɗan saki da kansa in taya ta fi inji sauri, wasu kuma da na'urar da ke buga maka totur in ka taka giya ba tare da kuloci ba, har da maɓallin rage birkin inji. Abubuwa ne masu kyau, ba na raina su. Amma ka koya wa hannunka aikin duk da haka. Na'urar sauya giya tana son inji na juyi da sauri, a tafiyar hankali takan yi gardama, kuma ranar da ka hau babur ɗin da ba shi da ita, hannun ne zai fitar da kai.

Kwana

A nan ne ake biyan ka ladan duk zafin da ka sha a cunkoso. Mai cc 600 da silinda huɗu sai ka riƙe shi sama da juyi 10,000 yana ihu kafin ya ba ka abin kirki. Wannan kuwa ƙarfinsa a tsakiya yake. Ducati 916 a juyi 9,000 yake kai ƙarshen ƙarfinsa, kuma tun daga rabin haka yake ja. Ma'anar wannan gare ka: shiga kwana da giya ɗaya sama da wadda ka saba. Kwanar da kake ci da ta biyu, gwada ta da ta uku. Birkin inji zai ragu, totur zai yi laushi, kuma in ka zo fita ƙarfin yana nan yana jiranka.

Ka gama yawancin birkinka da sauya giya tun babur yana miƙe. Sassauta birkin gaba sannu a hankali yayin da kake tura hannun da ke ɓangaren kwanar, ka juya kanka gaba ɗaya zuwa inda kake son fita, ba idanu kaɗai ba. Babur siriri ne, gwiwoyinka na kama tanki da sauƙi, to ka riƙe kanka da gwiwa da cinya, hannuwa su zama sake. Duk nauyin da ka jibga a kan hannu, tayar gaba ce ke biya.

Sai lokacin da ya fi kowane muhimmanci, wato ɗan taƙin nan tsakanin rufaffen totur da buɗaɗɗe. A manyan silinda biyu wurin nan kaifi gare shi. In ka murɗa da gaggawa, sarƙa ta fizga, babur ya miƙe tsaye ya nufi waje. Abin da nake yi shi ne, da na ga babur ya kwanta yadda nake so, sai in murɗa kaɗan ƙwarai, iyakar abin da zai ɗaure sarƙa, kamar mai kwance murfin kwalbar da ta cika taf. In ji sarƙa ta ɗauka, bayan babur ya ɗan zauna. Daga nan sai ƙari, kuma ƙa'idar ita ce gwargwadon yadda babur ke miƙewa, gwargwadon yadda kake ƙara wuta. Da zarar ka fara buɗewa kada ka koma ka rufe a tsakiyar kwana, domin birkin inji zai jefa nauyi kan tayar gaba a lokacin da take da aiki isasshe.

Idan tayar baya ta fara zamewa wajen fita, jikinka zai ce maka rufe totur gaba ɗaya. Kada ka saurare shi. Rufewa farat ɗaya na sa taya ta kama ƙasa kwatsam alhali babur yana karkace, sai ya wurgar da kai ta sama, kuma wannan ita ce faɗuwar da ta fi karya ƙashi. Tsayar da hannun inda yake, ko ka rage kaɗan, ka bar taya ta dawo da kanta. Idan babur ɗinka yana da na'urar hana taya zamewa, bar ta a kunne. Na ga masu kashe ta don a ce sun iya, ban ga abin da hakan ya ƙara musu ba. Watan farko ma ka zauna a tsarin ruwan sama ko na titi, inda aka tausasa totur.

Wajen fita da wuta sosai gaba yakan yi sauƙi, in kuma tayar ta taɓa ƙasa a ɗan karkace, kan babur zai girgiza. Kada ka ƙanƙame shi, ƙanƙamewa ke ƙara abin. Matse tanki da gwiwa, saki hannu, riƙe totur yadda yake. Suzuki TL1000S na 1997 ya yi suna da wannan girgiza har kamfanin ya kira baburan ya sanya musu abin danne girgizar kai. Idan naka yana da shi, duba ko yana yoyon mai.

Wani abu da ba a cika faɗa ba: sautin wannan inji yana ruɗi. Kunnen da ya saba da ihun silinda huɗu zai ji gurnani a ƙasa-ƙasa ya ɗauka tafiyar hankali ake yi, sai ka dubi agogon gudu gabanka ya faɗi. A gudun kilomita 100 a awa kana cin kusan mita 28 duk daƙiƙa ɗaya. Haka kuma za ka riƙa kai wa iyakar juyi ba shiri, inji ya yanke wuta kana tsakiyar wuce mota, domin kunnenka na jiran ƙarar da ba za ta zo ba. Makonnin farko ka riƙa satar kallon allurar juyi, ka sauya giya da wuri. Babu ribar da ke can sama da ta kai wadda ke tsakiya.

Kula da shi

Wannan gajere ne, amma kada ka tsallake. Yawancin Ducati masu silinda biyu suna da bawul irin na desmo, tsarin da injiniya Fabio Taglioni ya kawo wa kamfanin tun shekarun 1950, inda ƙarfe ne ke buɗe bawul, wani ƙarfen ya rufe shi, ba sifirin ba. Kowane bawul awo biyu gare shi ke nan, kuma aikin na bakaniken da ya san shi ne, ba na gwaji ba. A Panigale V2 mai cc 955 duk kilomita 24,000 ake dubawa, a tsofaffi kuwa tazarar ta fi haka gajarta nesa ba kusa ba. Tsofaffin irin su 916 da bel na roba suke juya sandunan bawul, kuma bel ɗin yana tsufa ko babur a ajiye yake, shi ya sa ake sauya shi da shekaru ba da tafiya kaɗai ba. In ya tsinke, fistan da bawul ne za su yi karo. Duba baƙin mai alhali babur na tsaye sak, kuma saboda girgiza, lokaci-lokaci ka bi kusoshin matakai, na salansa da na lamba da sifana. Tayar baya za ta riƙa ƙarewa da wuri fiye da yadda ka saba, ka sa wannan a lissafinka.

Filin tsere

Gaskiyar da ba na ɓoye wa kowa ita ce, rabin abin da babur ɗin nan ke iyawa ba shi da wuri a titin jama'a, inda akwai yashi a kwana, mai a kwalta, da mutumin da zai fito ba tare da ya duba ba. Filayen tsere da yawa suna ware ranakun da kowa zai iya zuwa da babur ɗinsa, a raba mutane rukuni-rukuni gwargwadon ƙwarewa. Shiga rukunin sababbi ko da shekararka goma a titi. Za a nemi rigar fata mai haɗe ko mai zif zagaye, hular kwano mai rufe fuska duka, safar hannu mai rufe tsintsiya, takalmi dogo, da abin kare ƙashin baya. In da hali ka ƙara da riga mai jakar iska.

A can iskar taya ƙasa take da ta titi domin taya na ɗaukar zafi sosai, to ka tambayi mai kula da tayoyi a filin adadin da ya dace da irin taka. Zagaye biyun farko na kowane fita na ɗumama taya ne. Zaɓi kwana ɗaya tak ka ba ta ranar: giya guda, wurin birki guda, kana matso da lokacin ɗaure sarƙar nan baya kaɗan-kaɗan a kowane zagaye. Idan akwai malami a filin, roƙe shi ya bi bayanka zagaye uku, zai ga abin da kai ba za ka taɓa gani a jikinka ba. Ni abin da aka fara nuna mini shi ne ina shiga kwana da wuri, shi ya sa kullum nake ƙarewa a bakin layi wajen fita, ina jinkirin buɗe wuta.

Sha ruwa duk lokacin da ka sauka, domin rigar fata da zafin silindar baya suna tatse mutum bai sani ba. Fitar da na fi kiyaye ta ita ce ta ƙarshe da yamma, lokacin da cinya ta gaji, nauyi ya koma kan hannu. In ka ga ka yi kuskuren giya sau biyu a zagaye ɗaya, ko ka wuce wurin birkinka ba ka lura ba, ɗaga hannun hagu don na baya su gani, ka bi hanyar fita, ka kashe inji.